Wasiƙa daga Kumasi: Tsakar gidan da uwaye ke baje aikin hannunsu

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, iyayena mata da yayyena da ƙannena na Zariya da Kano da Katsina, har can Maraɗi da Damagaram. Ina gaishe ku daga Kumasi ta ƙasar Gana, inda aure ya kawo ni. Muna nan lafiya, sai godiyar Allah.

Wani abu nake gani a unguwarmu ta Aboabo wanda ya daɗe yana cin raina in ba ku labarinsa. Wasu matan aure ne da zawarawa da tsofaffi, kusan dukkansu masu 'ya'ya, suke haɗuwa duk Asabar tsakanin azahar da la'asar a wani babban gidan haya, irin gidajen nan na Kumasi da ɗakuna ke kewaye tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Ba su da ofis, ba su da allon suna a ƙofa, ba su taɓa karɓar tallafin kowa ba. Kowacce takan zo da abin da take yi: mai ɗinkin hula, mai saƙar kwarashi, mai zanen gado, mai shirya duwatsun wuya da jigida, mai zanen lalle da ke gwada sabon fure a takarda kafin ta ɗora a hannun amarya. Shugabarsu dattijuwa ce da kowa ke kira Magajiya.

Kafin in shiga bayaninsu, bari in tuna muku yadda aka yi Hausa ta zama harshen waɗannan unguwanni. Fataucin goro ne ya kawo kakanninmu Gwanja. Suna zuwa kasuwar Salaga da turkuɗi da fatu da kanwa, su koma da goron ƙasar Tonawa, wato Asante, mutanen Kumasi. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874 hanyar goro ta rikice, sannan basasar Salaga ta 1892 ta watsa fatake zuwa Kete Krachi da Kintampo da sauran garuruwa. Zangon Kumasi ya cika sosai ne bayan yaƙin da Yaa Asantewaa ta jagoranci Tonawa suka yi da Turawa a 1900. Yau a Aboabo da Asawase da Alabar za ki tarar da Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Wangarawa da Fulani da Yarbawa, duk da Hausa suke ciniki, da ita suke faɗa, da ita suke shiryawa. A wannan dogon tarihi mun riƙe sunayen malamai da madugai. Alhaji Umaru na Salaga, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete Krachi a 1934, har gobe ana karanta waƙoƙinsa. To, matan da suka kaɗa zaren da aka saƙa tufafin da ayari ya ɗauko fa? Babu wadda aka san sunanta ko ɗaya. Wannan giɓin ne na ga matan Aboabo suna toshewa, kuma shi ya sa nake rubuto muku.

Suna da wani littafi, irin na 'yan makaranta mai bangon kwali, wanda ke ajiye a wurin Magajiya cikin leda saboda ruwa, don rafin Aboabo ba ya sallama in ya tashi shiga gidaje. Duk wadda ta kawo sabon zane, na hula ne ko na matashi ko na lalle, sai a zana shi a shafi guda, a rubuta sunanta a ƙasa, a rubuta wadda ta koya mata, in ta san wadda ta koya wa waccan ita ma a sa. Wasu shafukan da boko, wasu da ajami. Tamkar dai yadda almajirin ilimi ke jero malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu har ya kai tushe. Kowa na da izinin ɗaukar zanen da ke cikin littafin ta yi aiki da shi, ta sayar ta ci riba, babu ko sidin Gana ɗaya da za ta biya. Sharaɗi guda ne: in an tambaye ta, ta faɗi mai shi. An taɓa yin rigima a kan haka, wata ta ɗora hoton zanen gado a WhatsApp ta ce ƙirƙirarta ce, alhali furen na wata ne. Ba a kore ta ba, ba a ci tararta ba. An buɗe shafin a gabanta, ta karanta sunan da bakinta, aka wuce wurin.

Akwai shafi ɗaya da ake buɗe wa duk baƙuwar da ta zo. Zanen tsuntsu ne mai doguwar jela, tsaye a kan dagi. Wata tsohuwa ce ta kawo shi, daga jikin wani zanen gado da maƙwabciyarta Bayarabiya ta bar mata ajiya a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice daga ƙasar. Mai ajiyar ba ta dawo ba. Zanen gadon ya tsufa har ya fara yagewa ta wajen ninki, amma an kwafe tsuntsun, kuma sunan waccan baiwar Allah ne a ƙarƙashinsa. Yara mata da ba su san komai game da wannan kora ba suna ɗinka tsuntsunta a matashin amare, suna faɗin sunanta.

Doka ta biyu ita ce ta goyo, kuma a ganina ita ce ginshiƙin zaman. Duk wadda ta shigo da jariri a baya, kafin ta gama sallama an kwance shi. Ana karba-karba: mata biyu ba sa taɓa allura a ranar, aikinsu raino ne, su yi wasa da masu rarrafe, su raba wa manyan alli su yi ta zane a siminti. Mako mai zuwa wasu biyun ne. Duk macen da ta taɓa ƙoƙarin ƙirga zaren hula yaro na jan zanenta, tukunya na kan wuta, ta san darajar awa biyu da hannuwanta duka biyu nata ne. Na ga wata yarinya mai goyon fari, cikin 'yan matan nan da ke zuwa daga arewacin Gana suna dako da kwano a kasuwar Kejetia. Da farko zama kawai take yi ta huta. Yanzu ita ce gwanar haɗa ƙyallaye.

Haɗa ƙyallen nan shi ne aikin da ya fi burge ni, don ban san shi haka a gida ba. Tonawa na da daɗaɗɗen salo na harhaɗa guntayen atamfa su zama zane guda. Matan sukan bi shagunan teloli su kwaso ragowar yadi, musamman bayan biki, lokacin da unguwa guda ta ɗinka anko iri ɗaya. Sai a zube buhun a tabarma, a ware ja gefe, shuɗi gefe, mai ruwan ƙwai gefe. A nan ake gane mai ido. Na ga Magajiya ta ɗauki wani mayafin gado da wata ta kwashe makonni tana haɗawa, ta ɗaga shi ta fuskanci rana, sannan ta juya bayansa tana bin ɗinkin da ɗan yatsa.

"'Yata, gaban ya yi kyau," in ji ta. "Amma kin ga nan? Kin gaji a nan, allurarki ta fara tsalle. Kuma koren nan ya danne 'yan'uwansa, ba ya barin kowa ya yi magana."

"Mma, in farke duka?"

"A'a, layi biyu kawai. Zo ki zauna kusa da gwaggonki, ta nuna miki yadda take ƙulle bakin zare."

Ba wanda ya ji haushi. A wannan tsakar gida ana gaya wa mace gaskiya a kan aikinta, kuma tana karɓa, domin ta san masu faɗar sun ɗauki aikin da muhimmanci. Yabon "kai, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira" kowa na iya yi miki shi bai ko duba ba. Wadda ta juya bayan ɗinkinki ita ce ta girmama ki.

Zama cikin Tonawa ma ya buɗe musu ido. Garuruwan da ke kewaye da Kumasi kowanne da sana'ar da aka san shi da ita: Bonwire saƙar kente, Ahwiaa sassaƙa, Pankrono ginin tukwane wanda aikin mata ne, Ntonso kuma buga adinkra, wato zanen alamomi a jikin yadi. Matanmu sun taɓa yin hayar mota suka je Ntonso, suka ga hatiman da ake buga zanen da su daga ƙwarya ake sassaƙa su, baƙin rinin kuma ɓawon wata bishiya ne da ake kawowa daga arewa a dafa har ya yi kauri. Da suka dawo sai wata ta fasa tsohuwar ƙwarya ta sassaƙa dagi da zanen allo, suka fara buga nasu a fararen yadi. Masu duwatsu kuwa na mutanen Krobo na kudu maso gabashin Gana suke saye, waɗanda ake yi da dakakkiyar kwalba a zuba a mazubin yumɓu, a soka karan ganyen rogo a tsakiya don ya ƙone ya bar huda. Sukan haɗa su da murjani irin namu, abin ya fito ba na Krobo ba, ba na Kano ba, na Zango.

Sau biyu a shekara, gab da kowace Sallah, sukan yi baje koli. Igiyoyin shanya ne dai na gidan, a rataye aiki a kai, kowanne da 'yar takarda mai sunan wadda ta yi shi an maƙala da fil. Maƙwabta na shigowa, har da matan coci na layin baya. Ana ciniki, amma akwai igiya ɗaya da ba a sayar da abin da ke kanta, ta kallo ce kawai. Na ga wani yaro ɗan sakandare ya tsaya gaban aikin mahaifiyarsa, wadda ya saba gani tana suyar ƙosai da sayar da koko tun asuba, ya karanta sunanta, ya ciro waya ya ɗauki hoto, ya koma ya jawo abokinsa.

Kada ku ɗauka daɗi ne zalla. Zare na tsada duk lokacin da sidi ya faɗi, shi ya sa adashinsu ba kuɗi ake kwasa ba, kaya ake sarowa a raba. Hular inji da gwanjo sun cika kasuwa, mai saye kuwa yakan taya aikin wata guda da kuɗin da bai kai na cefanen kwana biyu ba. Idanun tsofaffin na raguwa. Akwai kuma mazan da ke ganin zaman ɓata lokaci ne, har sai Magajiya ta aika an yi musu magana ta bakin limamin unguwa. Wasu sun bari, wasu har yanzu.

Yanzu ga abin da ke damuna game da gida. Mu ne masu wannan arziki tun asali. A Zariya mata na ɗinka aska takwas a babbar riga cikin ɗakunansu. A Maiduguri matan da rikici ya raba da garuruwansu da ɗinkin hula suke ciyar da marayu. Hular takan bi ta hannun dillali ta hau kan gwamna, ba wanda ya san 'yar wace ce ta ƙare idonta a kai. In an tashi taimaka wa mata kuwa, sai a tara su a fili, a raba keken ɗinki, a ɗauki hoto, a watse. Keke na da amfani, ban musa ba. Amma keke ba ya karɓar miki goyo, ba ya ce miki koren nan ya yi yawa, ba ya riƙe sunanki bayan ranki.

Kuma mun ga abin da suna ke yi in an riƙe shi. Ladi Kwali a wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane, kamar dubban mata irinta. Ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, wadda Michael Cardew ya kafa bayan ya yi aiki a nan Gana, a Achimota da Vume. Ta rasu a 1984, ga hotonta nan a takardar naira 20. A arewacin Gana ma, matan Sirigu da ke zana bangon ɗakunansu da jar ƙasa da baƙi da fari, su shafe da ruwan makuba kamar yadda kakanninmu ke yi wa daɓe, sun kafa ƙungiya a 1997 ƙarƙashin jagorancin Melanie Kasise. Yau baƙi na tafiya takanas don su ga bangon nan su sayi zanensu.

Abin da matan Aboabo ke yi bai fi ƙarfin kowace unguwa a Tudun Wada ko Fagge ko Zangon Damagaram ba. Ko gidan da ake kulle ba shi da hujjar ƙi, don tsakar gida dama ta mata ce. Ana buƙatar gida ɗaya da zai buɗe ƙofa, dattijuwa ɗaya da ake jin maganarta, littafi ɗaya, da mata biyu masu raino. Ku fara da tsofaffin da ke raye. Akwai kaka a gidanku da ta iya saƙar faifai mai launi uku, ko zanen ƙwarya, ko kaɗi da mazari, kuma jikokinta ba su taɓa zama sun kalli hannunta ba. Ku zauna da ita, ku zana abin da ta iya, ku tambaye ta wa ya koya mata, ku rubuta.

Magajiya ta ba ni saƙo gare ku, musamman matan birnin Zariya. Ɗinkin babbar riga na hannu ya yi ƙaranci a nan, kuma suna son su koya daga tushe: yadda ake zana aska biyu da aska takwas a jikin yadi kafin a sa allura, da yadda ake cike tambari. Fatake da ɗalibai da masu zuwa biki ba sa yankewa tsakanin Kano da Kumasi. Duk wadda za ta iya aiko da zane a takarda, ko guntun aikin da aka fara ba a gama ba don a ga bin zaren, ta haɗo da sunanta da na wadda ta koya mata, an ware musu shafuka.

Ku gaishe da yara da masu jiki.

Taku,
'Yar'uwarku a Aboabo, Kumasi