61 ko 43

Tun la'asar maganar Abdu take yi mini yawo a kai, na kasa kwanciya sai na rubuta.

Da hantsi muka ƙetare gadar Kennedy ta Yamai zuwa filin nan namu na bayan unguwar Harobanda, famfon keke ɗaure a bayan babur. Rokar ruwa muka je harbawa, ita ce dai ta makon jiya: gorar lemo mai lita 1.5, ruwa kashi ɗaya cikin uku, iskar da aka matsa da famfo har bar 6 (ma'aunin matsi ke nan). Sabon abu shi ne ɗan akwatin da muka cusa a hancinta, 'yar ƙaramar kwamfuta Arduino Nano da katin memori da na'urar BMP280 mai auna matsin iska. Sau 20 take rubutawa a kowane sakan. Duk hawan mita 8 zuwa 9 matsin yana raguwa da hektofaskal ɗaya, wato ma'aunin matsin iska, daga nan ake fitar da tsayi.

Ta tashi tsaf! Laimar saukar da ita ta buɗe, yaran da ke kiwon awaki suka bi ta a guje suna ihu. Na daɗe ban yi dariya irin ta yau ba.

A gida muka zuba lambobin a kwamfuta. Abdu ya nemo mafi girma, ya ga mita 61, ya miƙe tsaye. Kafin in ce uffan har ya ɗora a WhatsApp.

Ni kuwa zanen nake kallo. Layin ya hau lafiya lau cikin kusan sakan 3, ya lanƙwasa a mita 43, ya fara gangarowa. A daidai 41 sai ga ɗigo guda tilo ya yi tsalle zuwa 61, na bayansa ya dawo 41. Na ce masa, zo ka zauna mu lissafa. Mita 20 cikin kashi ɗaya bisa 20 na sakan, mita 400 ke nan a sakan guda. Ko sauti bai kai wannan gudu ba, balle gorar lemo. Kuma ɗigon ya faɗo daidai lokacin da hancin ya ɓalle don laima ta fito. Iska ta bugi na'urar kai tsaye, rana ma ta haske ta, ita kuwa irin wannan na'ura ba ta son haske a kan ɗan raminta.

Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ai ba ni na rubuta ba, na'ura ce ta rubuta."

Na ce na'ura matsin iska kawai ta sani, mu ne za mu tambaye ta ko abin da ta faɗa zai yiwu. Gaskiya na faɗa, amma da kakkausar murya na faɗe ta, a gaban Hadiza da ƙannensa. Yaron da ya kwana uku yana liƙa wayoyin nan da hannunsa, har dalma ta ƙona masa yatsa. Ya ce to Kawu, ya ɗauki takalminsa. Ko tuwon bai tsaya ci ba. Yaya ta dube ni, ba ta ce komai ba.

Bayan isha'i na koma kan lambobin ni kaɗai. Lissafin da ke cikin manhajar na'urar yana ɗauka zafin iska digiri 15 ne, mu kuwa a 38 muka harba. Iska mai zafi ba ta da nauyi kamar mai sanyi, don haka tsayin da aka nuna ya gaza da kusan kashi 8 cikin 100. In aka gyara, 46 ne. Mita uku na Abdu da ban ba shi ba. Da na natsu tun farko, da su zan fara yi masa albishir.

Gobe kasuwar Katako, neman baƙin soso da za a rufe na'urar. An ɗauke wuta sau biyu. Zafi.

Yanzu na duba wayata. Ya goge 61 ɗin, bai sa komai a gurbinsa ba.