Ranar da na ce wa yaro ya riƙa motsa baki kawai

Saura kwana tara bikin ƙarshen shekara na yi katoɓarar da har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ƙungiyar mawaƙan makarantarmu ta haɗa yara tun daga 'yan shekara 7 har zuwa 'yan ajin ƙarshe na sakandare. A farkon zango na gwada muryar kowa a gaban piyano, na raba su layi huɗu, daga mafi siririyar murya zuwa mafi kauri, wato sofirano, alto, tena da bes, na rubuta a littafi na rufe. Ban sake buɗe littafin nan ba har wata takwas. Daga nan matsalar ta faro, amma ni a lokacin gani nake na gama aiki.

Ƙananan ba su ba ni wahala ba. Da alamun hannu na do, re, mi, wato sunayen matakan sauti, irin waɗanda John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, cikin mako uku suka kama nasu. 'Yan matan alto ma haka.

Akwai wani yaro ɗan shekara 13 a layin sofirano, shi ne ginshiƙin layin. Idan sauran suka ɓace, muryarsa suke bi su dawo hanya. Sai na fara jin wani gurnani daga ɓangarensa duk lokacin da waƙar ta hau sama. Wani lokaci murya ta fito, wani lokaci iska kawai, wani lokaci ta tsinke kamar an taka kaza. Yara suka fara ƙyalƙyala dariya. Ni kuma hankalina na kan biki da iyayen da za su cika zauren. Na tsayar da waƙa, na nuna shi a gaban kowa na ce, "Kai, daga yau ka riƙa motsa baki kawai, kada ka fitar da murya."

Ya ce, "To, Malam."

Ranar biki ya tsaya a layinsa, ya motsa baki tun daga farko har ƙarshe kamar yadda na umarce shi. An yi ta tafi, shugaban makaranta ya yaba mini. Da aka dawo hutu, yaron bai zo gwaji ba. Abokansa uku ma suka bi shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san dalilin, a aji ma na koyar da darasinsa. Idan namiji ya kai shekarun balaga, galibi tsakanin 12 zuwa 15, maƙwallatonsa yana girma, zakaran wuya ya fito, tantanin da ke kaɗawa ya ba da sauti ya ƙara tsawo da kauri. Murya takan sauka kimanin matakai takwas, wato daga wannan do zuwa do na ƙasa. Kuma ba dare ɗaya take sauka ba. Akwai watannin da yaro ba ya iya riƙe abin da ya wuce sauti biyar ko shida. Ni kuwa na bar shi a layin da ke hawa can ƙololuwa, sannan na ɗora masa laifin kasa isa wurin. Da na kira shi gefe na minti biyar na laluba inda muryarsa ta koma, da na same ta tana nan lafiya lau, ƙasa kaɗan da ta alto.

Na san akwai tsohon ra'ayi, musamman a majami'un Ingila, cewa yaro ya daina waƙa har muryarsa ta zauna. Wasu malaman har yau suna kan haka. Ni dai na bar wannan ra'ayi. Irvin Cooper, wani malamin waƙa a Amurka, ya ware wa irin waɗannan yara layinsu daban, ya kira shi kambiyata, daga baya wani masanin, John Cooksey, ya bayyana matakan da murya ke bi kafin ta zauna. Duk sun tafi a kan cewa yaro ya ci gaba da rerawa a inda muryarsa ta tsaya a wannan lokacin. Kuma ko masu cewa a huta ba su ce a tsayar da yaro a gaban jama'a yana wasan bebe ba. Wannan ƙirƙirata ce.

Yanzu duk bayan mako shida nake gwada samarin, biyu-biyu, ba a gaban 'yan mata ba. Nakan sa yaro ya ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin da muryar magana, in nemo sautin a piyano, daga nan mu hau mu sauka a hankali. Idan layin da ke takarda bai dace da shi ba, fensir nake ɗauka in rubuta masa nasa, ko da sauti huɗu ne yake ta maimaitawa. Waƙa nake sauke wa yara, na daina jan yara zuwa waƙa. 'Yan mata ma ina sa musu kunne, don tasu muryar tana canjawa, sai dai kaɗan, takan cika da iska na ɗan lokaci, kuma tsawa ba ta gyara wannan. Dariya kuwa na hana ta tun ranar farko, na gaya musu tawa muryar ma ta yi wannan tsinkewar.

Na nemi yaron na ba shi haƙuri. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Malam," amma bai dawo ba. Bana yana ajin ƙarshe. Kwanaki ina kulle ɗakin gwaji na ji wani yana rera waƙar bikin nan ƙasa-ƙasa a baranda, da murya mai kauri, daidai, ba kuskure ko ɗaya, irin wadda layin bes ɗina ya shekara biyu yana nema. Da na leƙo ya gan ni, sai ya yi shiru, ya gaishe ni ya wuce.