Baahubali na biyu ya raba min zuciya

Jiya da daddare na sake kallon fim ɗin Indiya Baahubali na biyu, har yau zuciyata a rabe take. Tun 2015 da fim na farko ya fito nake fama da tambayar nan: me ya sa tsohon bawan nan Kattappa ya soki ubangidansa Baahubali ta baya? Da amsar ta fito a 2017, cewa Sivagami da ta raini Baahubali ce ta ba da umarni, wallahi sai da na share hawaye. Ga tsoho yana kuka, shi kuwa Baahubali yana gab da cikawa yana roƙonsa ya kula masa da uwa.

Amma yaƙin ƙarshe ya ɓata min rai. A lanƙwasa bishiya a harba sojoji su tsallake ganuwa? Avantika kuwa, jarumar fim na farko, da ƙyar na hango fuskarta.