Idon sawun Hajiya

Talata, bayan isha'i.

Yanzu na shigo daga asibitin ƙashi. Yau kwana uku da santsi ya kwashe Hajiya kakata a ƙofar banɗaki, ta fito alwalar asuba. Hoto ya nuna idon sawun dama ya karye ta ciki da ta waje. Shekararta 84, ga suga.

Kawu ya so a kira mai ɗori. Ban ga laifinsa ba, da su muka tashi. Amma da ya ga yadda fatar ƙafar ta yi sheƙi saboda kumburi, shi da kansa ya bar maganar.

Likita ya zaunar da mu ya yi bayani a nutse. Akwai filasta, ba yanka, sai dai za ta yi kamar sati 6 ba ta taka ƙafar ba, kuma ƙashin na iya gocewa. Akwai aikin da aka saba, a buɗe a ɗaure ƙashin da farantin ƙarfe da sukurori. A nan ya girgiza kai: ƙashin tsufa ya yi taushi, ba ya riƙe sukuru da kyau, fatar mai suga kuma ba ta saurin haɗewa. Abin da ya fi tsoro shi ne doguwar kwanciya, gyambon baya, jini ya daskare a jijiya, ciwon huhu.

Sai ya kawo na ƙarshe. Doguwar ƙusa ce da ake shigarwa ta ƙarƙashin dunduniya har cikin ƙashin ƙwauri. Yankan ƙarami ne, ana iya takawa da wuri. Amma gaɓar za ta ƙage, ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba.

Duk muka yi tsit. Hajiya ce ta yi magana.

"Ɗan nan, zaman tahiya fa?"

"Mama, sai dai a kujera."

Ta daɗe tana jan carbi. Na ga hawaye a gefen idonta, ni ma nawa suka zubo. Matar da ban taɓa ganin ta yi salla a zaune ba.

Can ta ce, "Zan iya kai kaina banɗaki?" Ya ce da yardar Allah, da sandar dogarawa. Ta ce to a sa ƙusar, ba ta son jikokinta su riƙa ɗaukar mata fo.

Jibi za a yi, in sugan ya daidaita. Allurar baya za a yi mata, mai kashe jin zafi daga ƙugu zuwa ƙasa. Ta ce gobe in taho mata da farin mayafinta da kunun gyaɗa, kar in sa sukari.