Farautar Shaho da Kyamara a Duwatsun Jos

A watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, na bar tsakiyar Jos da asuba na nufi gabas, wajen Duwatsun Shere, da niyyar ɗaukar hotunan shaho da shirwa. Garin yana bisa tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800, saboda haka sanyin safiyar ya sa yatsu suna ƙagewa a jikin kyamara. Daga baya na ƙarasa Laminga, inda dajin Amurum yake tare da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos.

Manyan tsuntsaye masu farauta ba sa gaggawar tashi. Suna jira rana ta gasa duwatsu, iska mai ɗumi ta fara hawa sama, sannan su buɗe fukafukai su bi ta suna shawagi ba tare da wahala ba. Wannan yana jefa mai hoto cikin tsaka mai wuya, domin hasken da ya fi kyau na sassafe ne, su kuwa sai hantsi suke fitowa, lokacin da sama ta riga ta yi fari fat. Idan aka bar kyamara ta auna haske da kanta, farin sama yakan ruɗe ta, tsuntsun ya fito baƙi ƙirin. Don haka na ƙara mata haske da hannu, na ɗaga saurin ƙiftawarta zuwa kashi ɗaya cikin 2,000 na daƙiƙa, na ɗaura dogon gilashi mai milimita 400.

Shirwa ce ta fara zuwa, da bakinta ruwan ɗorawa da wutsiya mai baki biyu wadda take murzawa tana juya akalarta. Wani dattijo manomi ya nuna mini hayaƙi daga nesa, ya ce, "Malam, je can inda ake ƙona ciyawa, fārar da wuta ta kora suke bi." Gaskiyarsa kuwa, domin a can na same su sun yi ƙasa sosai har ina ganin ƙyallin idonsu. Shaho bai ba ni irin wannan dama ba. Ya sauka kan wani dutse mai nisa, ya ɗan zauna yana duban kwari, sannan ya tafi.

Hoton shahon da na samu na ɗauka kafin ya tafi ne ya fi cin lokacina da na zauna gaban kwamfuta da dare. Tsuntsun ƙarami ne a cikinsa, kuma abin da ya fi sauƙi shi ne a datse gefuna har ya cika fuskar hoton. Na ƙi yin haka, domin datsewa mai yawa tana ɓata tsaftar gashinsa, kuma tana kawar da duwatsun da suka hau kan juna, waɗanda su ne shaidar cewa a Filato aka ɗauke shi. Na rage kaɗan daga bayansa, na bar fili a gaban bakinsa, wajen da yake kallo, na ɗan haskaka inuwar ƙirjinsa. Manhajar Lightroom tana iya mayar da sama shuɗiya cikin ƙiftawar ido, amma na bar hazon yadda yake, tunda duk wanda ya san Jos a wannan wata ya san sama ba ta shuɗi. A ganina, gyaran haske halas ne, ƙirƙiro yanayin da babu shi kuwa yaudarar mai kallo ce. Ko wayar lantarki da ta ratsa ɗaya daga cikin hotunan shirwa ban goge ta ba, domin shirwa tsuntsuwar gari ce, a tsakanin turaku da rufin kwano take rayuwa.

Ungulu ce ban samu ba, duk da na leƙa bakin wata mayanka kafin in bar gari. Tun shekarar 2015 aka sanya wannan nau'i cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma cinikin sassan jikinta don magani da tsubbu yana cikin manyan dalilai a Afirka ta Yamma. Wani mahauci ya ce mini sun daɗe rabonsu da ganin garkenta a kan rufin, sai dai hankaki.