Abin da na koya daga littafin bashin Alhaji

Ranar da na je karɓar logbuk ɗina, wato littafin rubuta ayyukan da na yi, a kamfanin da na yi SIWES (shirin tura ɗalibai koyon aiki, wanda muke kira IT), oga ya sa hannu, ya buga hatimi, ya turo min shi ta kan tebur ba tare da ya ɗago kai ba. Wata shida na yi a ƙarƙashinsa, kuma har yau ina juya abin da ya faru a mako na tara, domin shi ne ya sauya yadda nake kallon wannan sana'a tamu ta rubuta manhaja.

Duk wanda ya yi aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta ya san guje-gujen neman wurin IT. Kowa idonsa yana kan Abuja, kowa yana son hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA ko kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone ko ɗaya daga cikin manyan kamfanonin sadarwa, wanda kuma ba shi da mai tsaya masa sai ya ƙare a shagon buga takardu, ko a kasuwar waya ta Farm Centre yana sauya wa wayoyi manhaja. Ni na samu wani ƙaramin kamfani a Kano, mu biyar a ɗaki ɗaya a saman bene, muna rubuta wa 'yan kasuwa manhajar lissafin kaya da ciniki da bashi. Aiki yana shigowa sosai a lokacin, saboda ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura 'yan kasuwa da yawa ga POS da tiransifa, daga nan kuma suka fara neman abin da zai haɗa musu lissafi wuri ɗaya.

Wata Alhamis bayan la'asar, wani babban dila mai sayar da shinkafa da sukari da man girki a kasuwar Singa ya kira, ya ce akwai kwastomansa da ya biya bashi tun jiya amma manhaja tana nuna ana binsa. Oga yana kan hanyar fita. Daga bakin ƙofa ya karanto min kalmar sirrin rumbun bayanan Alhajin, ya ce in shiga kai tsaye in mayar da bashin mutumin sifili. Na rubuta umarnin UPDATE, mai sauya bayanai, a layi uku, na ja linzamin kwamfuta na zaɓi abin da zan aika, ashe layin ƙarshe, mai ɗauke da WHERE, wato sharaɗin da zai taƙaita sauyin ga mutum ɗaya, bai shiga cikin zaɓin ba. Na danna. A ƙasan allo manhajar rumbun bayanai ta MySQL ta nuna adadin layukan da suka sauya, kuma maimakon 1 sai na ga sama da 300. Na karanta lambar sau uku, hannuna ya yi sanyi. Duk wanda Alhaji yake bi bashi, daga masu shaguna a cikin gari har masu ɗaukar kaya zuwa ƙauyuka, manhaja ta wanke shi tas.

Kuskuren nawa ne, ban taɓa musanta shi ba. Abin da ya biyo baya ne nake so 'yan baya su ji. Da na kira oga ya dawo, muka nemi kwafin ajiya, sai ya zamana na ƙarshe yana cikin wani filas a aljihun tebur, kuma ya kai wata huɗu da ɗauka, alhali kowane wata ana karɓar kuɗin kula da manhaja daga hannun Alhaji. Muka ce to mu sake lissafo bashin daga tarihin ciniki, nan ma muka tarar cewa tun asali manhajar ba ta rubuta biyan bashi ɗaya bayan ɗaya, jimilla kawai take ragewa ta manta. Washegari da safe muka je shagon. A gaban Alhaji da yaransa oga ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron IT ne ya shiga inda ba a ba shi izini ba." Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna cewa sa hannunsa ne zai kai ni ga makin da zai shiga sakamakona, na sunkuyar da kai na ce, "Alhaji, a yi haƙuri." Wannan shirun ya fi kuskuren ci min rai, kuma ban gamsu ba har yanzu cewa daidai na yi.

Wanda ya cece mu wani dattijo ne, akawun Alhaji na shekara da shekaru, wanda kowa ke kira Baba. Tun da aka kawo kwamfuta shagon bai daina rubutu a manyan littattafansa masu bango mai kauri ba, kowane kwastoma da shafinsa, ranar da ya ɗauki kaya a gefe ɗaya, ranar da ya kawo kuɗi a ɗaya gefen, ba a goge komai, in an yi kuskure sai a ja layi a rubuta gyara a ƙasa. Dare goma sha ɗaya na yi ina zuwa bayan an rufe shago, yana karantowa ina shigarwa, janareta yana ƙugi a bayanmu. A dare na uku ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni na ji lokacin da Alhaji ya kira ogan naka, na san wa ya ce a gyara. Rubuta, buhu ashirin." Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban ƙara ba.

A waɗannan dararen na gane cewa littafin Baba ya fi manhajarmu tsari. Abin da muka karanta a darasin rumbun bayanai, cewa kada a ajiye abin da za a iya lissafowa daga wasu bayanan, shi yake yi da biro: jimilla tana fitowa ne daga shigarwa, kuma kowace shigarwa tana nan da ranarta. Mu da muka zo da sunan kawo ci gaba mun jefar da wannan, muka riƙe lamba ɗaya tilo wadda yatsa ɗaya zai iya shafewa. Kuma bashin kasuwa amana ce tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna mu'amala ba tare da takardar lauya ba. Da an ce wa mai shago ana binsa abin da ya riga ya biya, zumuncin ne zai ɓaci kafin a zo maganar kuɗi.

Sauran darussan gajeru ne. Ba na aika umarnin da zai sauya bayanai sai na fara gwada sharaɗinsa da SELECT na ga layukan da zai taɓa, kuma ina buɗewa da START TRANSACTION don in iya janyewa da ROLLBACK. Kwafin ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba na lissafa shi. Umarnin da ya shafi bayanan abokin ciniki, ina neman a turo min shi a rubuce, ko da a WhatsApp ne. Lambobin waya da basussukan mutane kuwa, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe su nauyi, ko da kamfanin ɗaki ɗaya ne.

Ga masu neman wurin IT a bana, ba zan ce ku guji ƙananan kamfanonin gida ba, domin a can ne ake barin ɗalibi ya taɓa aiki na gaske, kuma Hausarku da sanin bambancin kwali da dozin da jarka abin amfani ne da kwas ɗin intanet ba ya koyarwa. Shirye-shirye irin su 3MTT na horar da matasa fasahar zamani, wanda ma'aikatar sadarwa ta fara a 2023, da cibiyoyi irin su CoLab a Kaduna da nHub a Jos, suna buɗe ƙofa. Sai dai kafin ku miƙa takardar makaranta, ku tambayi wanda zai kula da ku ko akwai rumbun gwaji daban da na abokin ciniki, da kuma yaushe aka ɗauki kwafin ajiya na ƙarshe. Ku lura da fuskarsa idan yana amsawa. Hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta kafa SIWES tun 1973 don ɗalibi ya koyi aiki a gaban wanda ya iya, kuma koyo bai haɗa da ɗaukar laifin sakacin wani ba.

A shafin ƙarshe na logbuk ɗina oga ya rubuta cewa ina buƙatar ƙara kula. Ban koma kamfanin ba. Aikin kammala digirina manhajar bashi ce wadda take aiki ko babu intanet, take rubuta kowane ɗauka da kowane biya, kuma ba ta da maɓallin gogewa, sai maɓallin gyara. Makon jiya na kai wa Baba ita a waya, ya shigar da buhu biyu na gwaji, ya ce in ƙara wurin rubuta sunan wanda aka aiko da kuɗin, domin sau da yawa ba mai bashin ne yake kawowa da kansa ba.