Abin da tagwayen J suka koya mini a darasin lissafin yiwuwa

A shekarata ta uku a jami'a, nan Bauchi, malaminmu na lissafin yiwuwa ya shigo aji wata safiya ta hunturu riƙe da ƙunshin karta mai kati 52 da leda cike da wake. Kafin ya raba ko kati ɗaya sai da ya bayyana mana cewa caca haramun ce, kuma ba ita ya zo koyarwa ba. Abin da ya kawo shi shi ne, wannan fanni namu ya samo tushe daga tambayoyin 'yan caca, tun wasiƙun da masana lissafi Pascal da Fermat suka yi musaya a Faransa a 1654, sannan wasan poka ya taimaka wa John von Neumann wajen gina nazarin dabarun wasa. Waken nan shi ne dukiyarmu har ƙarshen zangon karatu, kobo bai taɓa shiga tsakaninmu ba.

Salon poka da muka nazarta shi ne Texas Hold'em. Ana ba kowa kati biyu a rufe, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiya waɗanda kowa zai haɗa da nasa: uku a karon farko, sai na huɗu, sai na biyar. Idan katunan hannunka biyu iri ɗaya ne, mu a aji tagwaye muke ce musu. Hanyoyin da za a iya ba mutum kati biyu 1,326 ne, 78 daga ciki tagwaye ne, wato sau ɗaya cikin 17. Rukuninmu an ba shi aikin nazarin tagwaye masu matsakaicin girma, irin su 9 da 9, 10 da 10, da J da J (girman kati yana hawa ne daga 2 zuwa 10, sai J, Q, K, sannan A a sama), kuma da farko na ɗauka an ba mu aiki mai sauƙi.

Wanda aka ba tagwayen A ya san yana gaban kowa, wanda aka ba tagwayen 2 kuma ya san matsayinsa, ba ya ruɗin kansa. Mai tagwayen J shi ne ke tsaka mai wuya. Kafin a shimfiɗa komai, tagwayen Q da K da A ne kaɗai suka fi shi, kuma a teburin mutum tara yiwuwar wani yana riƙe da ɗayansu kimanin kashi 11 ne cikin ɗari. Saboda haka yawanci shi ne a gaba. Amma da zarar an buɗe katunan nan uku sai lamarin ya sauya. Akwai kati 12 da suka fi J girma cikin 50 da suka rage. Hanyoyin fitar kati uku daga 50 su ne 19,600, waɗanda babu babban kati a cikinsu kuwa 8,436 ne kacal. Ma'ana, kusan kashi 57 cikin ɗari na lokuta, Q ko K ko A zai bayyana a tsakiya. Ga tagwayen 10 adadin ya kusa kashi 70, ga tagwayen 9 kuma ya kai kimanin kashi 79. Na maimaita lissafin nan sau uku a bayan littafina, domin zuciyata ta ƙi yarda cewa hannun da nake gani da kwarjini yakan zama abin shakka fiye da rabin lokaci.

Daga nan na fahimci dalilin da ya sa ake so mai irin wannan hannu ya ƙara abin da aka zuba tun farko, maimakon ya bi a hankali. Ƙarin yana rage yawan masu shiga, kuma duk mutum ɗaya da ya janye ya tafi da katin da zai iya haɗuwa da babban katin tsakiya. Tagwayen 10 a gaban mutum ɗaya hannu ne mai ƙarfi, a gaban mutum biyar kuwa sai addu'a. Wurin zama ma yana da nasa tasiri, domin wanda zai yi magana a ƙarshe ya riga ya ga abin da sauran suka yi, ya sami labari kyauta kafin ya yanke shawara.

Darasin da ya fi zauna mini ya zo ne ranar da muka yi gwaji a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya bayan la'asar. An ba ni tagwayen J, na tura wake shida. Abokin karatuna, mutum mai taka-tsantsan wanda cikin mako biyu ban ga ya ninka ƙarin wani ba, ya dubi katinsa sau ɗaya, ya jera wake ashirin a gabansa, ya tura su tsakiya da gefen hannu ba tare da ya ɗago kai ba. Ni kuma na tura duk abin da nake da shi. Ya buɗe tagwayen K. Washegari na kai wa malam bayani, ina cewa rashin sa'a ce kawai, tunda yiwuwar wani ya fi ni ba ta wuce kashi 11 ba.

"Malam, ai lissafin yana tare da ni," na ce masa.

Ya ce, "Yana tare da kai kafin ya yi magana. Bayan ya yi magana fa, ka sake lissafin?"

Ban sake ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ƙarin da mai taka-tsantsan ya yi labari ne da ya kamata ya shiga cikin ƙididdiga. Malam ya sa na zauna a ofishinsa na ƙirga. Idan mutumin ba ya yin haka sai da tagwayen A, K, Q, ko kuma A da K a haɗe, to manyan tagwayen suna da hanyoyi 18, shida kowanne, A da K kuma suna da 16. A gaban manyan tagwaye, J biyu ba sa cin nasara sai kusan sau ɗaya cikin biyar. A gaban A da K suna ɗan gaba kaɗan, kashi hamsin da 'yan kai. Idan aka haɗa duka, rabona bai wuce kimanin kashi 36 cikin ɗari ba. Ko dai ina gaba da taki ɗaya, ko ina baya da nisa. Wannan shi ne yiwuwa bisa sharaɗi, babin da na ci jarrabawarsa da maki mai kyau, amma ban gane shi ba sai a ranar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ajiye tagwayen J a irin wannan hali ba ragwanci ba ne.

Akwai hanya ta uku, wato ka bi da fatan kati na uku irin naka ya fito a shimfiɗar farko. Hakan yana faruwa kashi 11.8 cikin ɗari, kusan sau ɗaya cikin takwas da rabi, don haka ba ya biyan kansa sai idan abin da za a biya kaɗan ne, abin da ke gaban abokin karawa kuma ya ninka shi sau da yawa.

Abin da ya fi wuya shi ne lokacin da babban kati ɗaya ya fito. Bayyanar K a tsakiya ba ta nufin abokin karawarka yana da K, domin mai katuna biyu mabambanta ba ya haɗuwa da shimfiɗar farko sai kusan sau ɗaya cikin uku. Wanda ke gudu duk lokacin da ya ga babban kati zai riƙa zubar da hannun da ke gaba, wanda ya nace har ƙarshe kuma zai riƙa ciyar da wanda ya fi shi. Abin da muka rubuta a rahotonmu shi ne a riƙe tarin tsakiya ƙarami, a bi ƙari ɗaya idan mai sauƙi ne, a janye idan matsin ya ci gaba a kati na huɗu da na biyar. A ganina wannan sashe ne ya fi kowanne daraja, ko da yake shi ne mafi ƙarancin lambobi.

Yau ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a cikin garin Bauchi, kuma ba na shiga aji da karta, saboda na san yadda iyaye za su ɗauki abin, kuma suna da hujja. Murafun kwalba hamsin nake zubawa a kwano, goma sha biyu jajaye, na ce wa ɗalibai su ɗebi uku ido a rufe, su faɗi sau nawa ja zai fito. Yawancinsu sukan ce ba zai kai rabi ba. Sai na ba su alli, su fara da 38 bisa 50.